Geron Gindin Katanga

Lahadi, 10 ga Afrilu, 2016. Ƙarfe 1:20 na rana

Matar gida mai lamba tara tana asibiti tun jiya. Ummu Faisal ake kiranta. Ta fito ƙofar kicin babu takalmi, wani abu ya harbe ta a ƙafa, kafin minti goma fuskarta ta kumbura, numfashi ya fara gagararta. An ce ta farfaɗo. Sau uku na tambayi mai gadi, sau uku ya ce ta farfaɗo.

Kamfaninmu ne ke da kwangilar maganin ƙwari a wannan mujamma, gida ashirin da huɗu cikin katanga ɗaya a arewacin unguwar Ulaya ta wannan birni na Larabawa. Tururuwa kuwa ni aka ɗora wa, tunda a kanta na yi aikin kammala digirina bara. Shugabana, Muhandis Adil, wato injiniya, ya ce in je in kamo masa abin da ya harbi matar. Na ɗaga tukunyar fure da ke bakin ƙofarta, na kama guda shida a kwalba. Baƙi ne, tsawonsa milimita biyar, da ƙari a gindi. A nan samsum suke ce masa. Cinnaka ne. Cinnakan tsakar gidanmu na Fagge, bai canza komai ba.

Inuwa, direban motar feshi, wanda muke ɗaki ɗaya da shi a unguwar Shumaisi, ya ɗaga kwalbar yana dariya har da dukan sitiyari.

"Cinnaka ne ya kwantar da mutum a asibiti? Mu da ya rene mu a kan tabarma? Kai Uwais, jikin hutu ma bala'i ne."

Na ce masa ba maganar hutu ba ce, akwai jikin da ba ya ɗaukar dafinsa, kuma ga irin waɗannan mutanen harbi na gaba ya kan fi na baya muni.

Ya ce, "To, Farfesa."

Saura kwana goma sha uku wa'adin gwajina a kamfani ya cika. Kafin nan, kalma ɗaya ta isa a sallame ni.

Litinin, 11 ga Afrilu. Ƙarfe 12:50 na rana

Na yi ƙidaya kamar kullum. Kati goma sha biyu a wurare goma sha biyun da na saba, kowanne da ɗigon zuma da ɗan kifin gwangwani, in jira awa ɗaya in duba wa ya mallaki katin. Cinnaka tara. Jan kiyashi ɗaya. Biyu babu kowa.

Kati na huɗu yana gindin katangar gabas, bayan gida na tara. Cinnaka arba'in da ɗaya na ƙirga a kansa. Da na durƙusa sai na ga gero a warwatse a ƙasa, kamar cikin tafi guda, suna ɗauka ɗai-ɗai suna shiga da shi ƙarƙashin bututun ban-ruwa. Yawancin danginsa nama suke ci, amma shi cinnaka yana cin tsaba. Gero ba ya tsirowa a nan, wani ne ya zuba. Mai gadi ya ce mai lambu ne, dattijon nan ɗan Nijar, kullum bayan asuba.

Na gaya wa Muhandis, domin haka abin yake. Ban ƙara komai ba. Ya tafa hannu ya ce, "Halas, shi ke nan! Mun samu."

Ban so yadda ya ce mun samu ba.

Talata, 12 ga Afrilu. Ƙarfe 4:30 na yamma

Baba Buraima sunansa, mutumin wani ƙauye kusa da Tasawa. Shekararsa sittin da ɗaya, goma sha huɗu daga ciki a lambun nan. Na same shi ƙarƙashin dabino yana shan shayi a murfin fulas, ya matsa mini wuri.

"Baba, kai ne kake zuba gero a gindin katanga?"

"Hatsin? Ni ne, ɗana. Mi ya faru da shi?"

Matarsa Mariamou ce ba ta da lafiya can gida, ɓarin jikinta ya shanye. Malamin garinsu ya aiko masa cewa ya yawaita sadaka, musamman ga dabbar da ba za ta iya yi masa godiya ba. Sai ya tuna kakarsa tana zuba hatsi a ramin tururuwa duk ranar da aka yi haihuwa mai wuya. Yana sayo geron a shagon wani Basudane a kasuwar Batha, ya zuba cikin tafi ɗaya kowace safiya, ya ambaci sunanta.

Na ce ya dakata da zubawa a yanzu. Ya ce to, sannan ya ƙara da cewa:

"Kai da ka karanta su, ba ka san an hana kashe tururuwa ba? Sura guda gare ta a Alƙur'ani. Ni ina ba su, kai kana bin su da guba. Allah ya shirya mu duka."

Dariya yake yi da ya faɗi haka. Sai na tambaye shi tun yaushe ya fara.

"Tun Maulidi."

Maulidin bana 23 ga Disamba ya kama. Na rubuta ranar a littafina. Da ma ban tambaya ba.

Laraba, 13 ga Afrilu. Ƙarfe 6:15 na safe

Tun Maulidi.

Alhamis, 14 ga Afrilu. Ƙarfe 1:05 na rana

Ummu Faisal ta dawo gida. An ba ta allurar da za ta riƙa yawo da ita a jaka duk inda za ta. Mijinta ya je ofishin mudirin mujamma, wato manajan wurin, muna jin muryarsa daga wajen ajiye motoci. Sunan mai laifi yake so. Mudir ya kira Muhandis, Muhandis ya kira ni: rahoto a rubuce, ranar Alhamis mai zuwa.

Zafi ya kai digiri talatin da huɗu yau. Kowace irin tururuwa tana ƙaruwa in zafi ya shigo. Wannan kowa ya san shi.

Ban buɗe shafukan Fabrairu ba.

Juma'a, 15 ga Afrilu. Ƙarfe 2:30, bayan masallaci

Na buɗe. Bari in kwafe su nan yadda suke, kada gobe in ce ban gani ba.

14 ga Fabrairu: jan kiyashi kati goma, cinnaka biyu. A kati na huɗu cinnaka uku kacal, alhali Baba ya fi mako bakwai yana zuba gero a wurin.

A gefen shafin na rubuta abin da na gani a ranar, har ina jin daɗi. Kiyashi milimita biyu ne, ba ya kai rabin cinnaka. Amma yana gano abinci cikin minti shida, ya koma ya kirawo ɗaruruwa, kuma gidansa sarauniya da yawa gare shi. Cinnaka shi kaɗai yake fita, yana da ƙarfi, yana da dafi, ba shi da jama'a. Na ga guda ɗaya ya hau kati, kiyashi kusan ashirin suka rirriƙe masa ƙafafu, ya yi ta juyi yana neman wanda zai harba, ya rasa, ya sauka. Haka suka riƙa yi masa a bakin bututun ruwa ma, inda yake son yin gida. Na ja layi a ƙarƙashi na rubuta: kiyashi ne ke tsare shi.

Ni na rubuta wannan, da hannuna.

Mutanen gidaje kuwa da kiyashi suke kuka, yana shiga sukari, yana shiga soket. Ranar 21 ga Fabrairu na ba da shawarar a bar feshi, a sa guba mai zaƙi wadda zai kwasa ya kai wa sarauniyoyinsa. Ta yi aiki fiye da yadda na zata. Muhandis ya yabe ni a gaban kowa, ya ce ga amfanin ɗaukar mai digiri.

20 ga Maris: kiyashi biyu, cinnaka shida.

11 ga Afrilu: kiyashi ɗaya, cinnaka tara.

Har yanzu zafi yana iya zama dalili. Akwai wata mujamma a unguwar Sulaimaniyya da muke yi wa maganin kyankyasai kawai, ban sa gubar a can ba, kuma na yi ƙidaya a can a Fabrairu. Zan je Lahadi. Ina fatan in tarar da cinnaka ya cika ko'ina. Ban taɓa yin irin wannan fatan ba.

Lahadi, 17 ga Afrilu. Ƙarfe 12:40 na rana

Sulaimaniyya, 16 ga Fabrairu: kiyashi tara, cinnaka biyu. Yau: kiyashi tara, cinnaka uku. Zafi ɗaya, ban-ruwa iri ɗaya.

Na sake jera katunan na sake jira awa guda. Tara da uku.

A hanya na gaya wa Inuwa cewa bisa abin da na karanta su biyun ba 'yan ƙasar nan ba ne, cinnaka daga wajenmu ya zo, kiyashin daga gabas, 'yar asalin wurin ita ce mai dogayen ƙafafun nan da ke tsere a rairayi bayan katanga, ba ta ma shigowa lambu. Ya ce, "Wato dukkansu 'yan iƙama ne, baƙi masu takardar izinin zama irinmu, suna faɗa a kan gidan da ba nasu ba. Wa ya ba cinnaka biza?" Na yi dariya don kada ya tambaye ni abin da ke damuna.

Mujamma biyu ba su isa hujja ba. Malamina zai ce in ƙara goma. Amma ba malamina zan kai wa rahoton ba.

Litinin, 18 ga Afrilu. Ƙarfe 5:10 na yamma

Na shiga ofishin Muhandis da littafin. Na fara da Fabrairu, ban kai Maris ba ya ɗora hannu a kan shafin.

"Ya Uwais, tambaya ɗaya. Samsum yana cin gero?"

"Yana ci."

"An zuba gero bayan gida na tara?"

"An zuba."

"Tayyib, da kyau. Abin da za ka rubuta ke nan. Shafi ɗaya. Mudir ba ya karanta lissafi."

Na ce akwai maganar gubar da muka sa.

"Kai ka kawo shawara, ni na sa hannu, kamfani ya aiwatar. Kana so mu uku mu bi ƙofa ɗaya? Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Ban taɓa ce wa ma'aikaci ya yi ƙarya ba."

Ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu. Ashe ya sani. Ban san tun yaushe ba.

Laraba, 20 ga Afrilu. Ƙarfe 6:30 na safe

Na rubuta iri biyu, mai shafi uku da mai layi huɗu. Duka suna cikin jakata.

Wataƙila faɗa kawai za a yi wa Baba. Shekara goma sha huɗu ba wasa ba ce.

Alhamis, 21 ga Afrilu. Ƙarfe 11:00 na safe

Na kai mai layi huɗun. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Asabar, 23 ga Afrilu. Ƙarfe 3:45 na yamma

Kwana casa'in sun cika. Muhandis ya ce mabruk, wato barka, na zama cikakken ma'aikaci. Inuwa ya ja ni Batha cin shinkafa da kaza, yana gaya wa duk wanda muka sani cewa Farfesan tururuwa ya haye. Teburinmu yana kallon shagon Basudanen da ke sayar da gero. Na sauya kujera.

Litinin, 25 ga Afrilu. Ƙarfe 4:50 na yamma

An buga wa Baba Buraima huruj, fita ba dawowa. Mudir ya ba shi zuwa 5 ga Mayu. A shekarunsa babu wani kafili, ubangidan da ke tsaya wa baƙo, da zai sake ɗaukarsa.

Shi ya neme ni. Ina durƙushe a kati na bakwai na ga takalminsa na roba a gabana. Na zata zagi ne, har na ji sauƙi.

"Ɗana, an karanta mini takardarka. Ba hushi na zo yi ba, aikinka ka yi. Abu guda nake so ka gaya mini tsakaninka da Allah, tunda kai ka san su. Hatsina ne ya kusa kashe matar mutane?"

Na ce cinnaka yana cin gero.

"Wannan na ji. Ni abin da ya hana ni barci, wata huɗu ina kiran sunan Mariamou a kan abin da yake ta tara wa wata baiwar Allah ajali. Wace irin sadaka ce wannan? In ciwonta ya ƙaru, ba ni na ja mata ba?"

Na ce Allah niyya yake dubawa. Ya ce haka ne. Ya ce in yafe masa wahalar da ya sa ni, ya ɗauki tiyonsa ya tafi.

Ƙidayar yau, kwana goma sha uku babu ƙwayar gero ko ɗaya a ƙasa: cinnaka goma. Ya kai gida na goma sha bakwai, can ƙarshen yamma, inda akwai yara uku.

Talata, 26 ga Afrilu. Ƙarfe 6:10 na safe

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Laraba, 27 ga Afrilu. Ƙarfe 1:30 na rana

Na gaya wa Inuwa komai a cikin mota, muna fake a inuwar gada. Bai yi dariya ba.

"Fasfonka a ina yake?"

"A ofis."

"Iƙamarka sunan wa ke kai?"

"Kamfani."

"To ka rufe bakinka. Tsoho ya ci zamaninsa, zai koma ya ga matarsa. Kai wata uku ka yi. Me za ka ce wa Hajiya mahaifiyarka in ta gan ka da jaka a ƙofar gida? Tururuwa ta koro ni?"

Na ce cinnaka ya kai gida na goma sha bakwai, kuma muddin ana ganin gero ne matsalar babu wanda zai haƙa gidajensa.

Ya yi tsaki, ya kunna mota, ya kashe.

"Ƙarfe nawa mudirin yake zuwa ofis?"

"Tara."

"Ni ban kai ka ko'ina ba. Mai na je sha, ka ce in sauke ka a hanya."

Alhamis, 28 ga Afrilu. Ƙarfe 2:15 na rana

Abu Nawaf sunan mudirin. Na jira minti hamsin a bakin ofishinsa, sau biyu na tashi zan tafi. Larabcina ya watse da na shiga, sai na buɗe littafin kawai na juya masa shi.

Ashe yana karanta lissafi. Ya bi ranakun da yatsa, ya tsaya a 21 ga Fabrairu.

"Mene ne wannan?"

"Ranar da muka kashe ƙananan. Su suka hana samsum yaɗuwa. Shawarata ce."

"Geron fa?"

Na ce geron yana ciyar da waɗanda ke gindin katangar gabas, shi ya sa suka fi yawa a nan, ba zan ce ba shi da hannu ko kaɗan ba. Amma wata biyu ana zuba shi ba su wuce kati biyu ba, kuma an daina zubawa ba su ragu ba. Na nuna masa Sulaimaniyya. Na ce mujamma biyu ne kawai, zan iya yin kuskure.

"Takardar makon jiya wa ya rubuta?"

"Ni."

"Wannan fa?"

"Ni."

"Wacce zan yarda da ita?"

Na ce ta farkon ba ƙarya ba ce, amma ba ta cika ba, kuma na san ba ta cika ba lokacin da na kawo ta. Ya tambaya ko Muhandis ya san na zo. Na ce a'a. Ya ɗauki hoton shafuka shida da wayarsa, ya tambayi abin da za a yi wa gida na goma sha bakwai. Na ce a rage ban-ruwa, a ɗaga tukwane da duwatsun hanya, a bi gidajen cinnakan ɗaya bayan ɗaya, a gaya wa kowa ya sa takalmi. Ya rubuta. A kan Baba bai ce komai ba, ni ma na kasa tambaya.

Lahadi, 1 ga Mayu. Ƙarfe 10:20 na safe

Muhandis bai ɗaga murya ba. Ya karɓi katin aikina da rigar kamfani, ya ce in zauna a ɗaki har mai kamfani ya dawo daga Jidda ya yanke hukunci. Ya ce, "Na so ka, ya Uwais." Na yarda ya so ni.

Hajiya ta kira. Na ce aiki lafiya.

Litinin, 2 ga Mayu. Ƙarfe 12:00 na rana

Babu labari. Saura kwana uku jirginsa.

Talata, 3 ga Mayu. Ƙarfe 5:25 na yamma

Baba Buraima ya kira da lambar mai gadi. An soke huruj ɗin da safiyar yau. Sharaɗi ɗaya: kada a sake ganin ƙwayar hatsi a cikin katanga. Mudir bai yi masa wani bayani ba, mai gadi ne ya ce masa yaron kamfani ya kawo wani littafi.

Sai na yi masa bayanin da kaina, tun daga Fabrairu, da Hausa, babu lissafi. Na gaya masa na sani tun ranar da ya ce mini Maulidi, na kuma sani ranar da ya tsaya a gabana ya tambaye ni. Sai ya ce:

"Kwana takwas ka bar ni da wannan a ciki."

"Na'am, Baba."

"Bai kyautu ba."

"Bai kyautu ba, Baba."

Ya ja numfashi. Ya tambaya ni fa, mi za a yi da ni. Na ce ban sani ba tukuna, wataƙila Alhamis.

"To ka nemi gafara a kan ƙananan nan da ka kashe, ni tawa na yafe. Ran Juma'a zan hita bayan katanga, can cikin rairayi, in zuba tafi biyu. Guda na Mariamou, guda naka. Ko nan ma akwai doka, likitan tururuwa?"

Na ce ya yi nesa da duk inda bututu ke ɗiga, aƙalla taku hamsin, ya nemi ƙasa busasshiya.

"Hamsin na ƙafata ko na taka?"

Na ce tasa ta isa. Sannan na ce a'a, ya yi sittin.